Death Wish na 1974: rashin kama masu laifin gwaninta ce ko kasawa?

Sadiku: Jama'a, ga maganar da nake so mu tattauna. Ni a wajena, abin da ya ɗaga Death Wish na 1974 sama da sauran finafinan ramuwar gayya shi ne jarumin fim ɗin, Paul Kersey, bai taɓa haɗuwa da mutum ukun da suka kashe matarsa suka yi wa 'yarsa fyaɗe ba. Har fim ya ƙare ba su sake fitowa ba. Wasu ɓarayin daban yake ta harbewa a titunan New York, don haka mai kallo bai samu sanyin zuciyar da ya zo nema ba.

Malam Lawal: Sadiku, wannan yabon Brian Garfield ya dace ka yi wa, shi da ya rubuta littafin a 1972. A littafin, mutumin akanta ne mai suna Paul Benjamin, kuma kisan yana cin hankalinsa sannu a hankali. Darakta Michael Winner ya ɗauki ƙashin labarin ya bar ɓargon. Garfield kansa bai ji daɗin fim ɗin ba, shi ya sa ya rubuta wani littafin, Death Sentence, a 1975 don ya mayar da martani.

Hajiya Binta: Kafin ku yi nisa, rabin farko na fim ɗin a ba shi haƙƙinsa. Ku duba yadda aka gina Kersey mataki-mataki. Mai zanen gine-gine ne, kuma a yaƙin Koriya ƙin ɗaukar bindiga ya yi, sai aka sa shi ɓangaren jinya. Makaminsa na farko ma tsabar kuɗi ne da ya ɗura a safa ya kwaɗa wa ɓarawo. Bindigar sai da aiki ya kai shi Tucson wani attajiri ya saka masa ita a jaka a matsayin tsaraba. Ranar da ya fara kashe mutum da gudu ya koma gida yana amai. Wannan aman shi ne wurin da ya fi gaskiya a fim ɗin gaba ɗaya.

Malam Lawal: Na yarda, Hajiya, amma sau ɗaya aka yi shi. Daga nan fa? Kowace fitowa tsarinta ɗaya: Kersey ya je wuri mai duhu ko ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya nuna yana da kuɗi, ɓarawo ya zaro wuƙa, a harbe shi. Ba a taɓa nuna ya yi kuskure ba. Babu harsashin da ya kauce ya samu mai wucewa, babu wanda ya zarga a banza. Marubuci ya share masa hanya, duk wanda ya tunkare shi sai da makami a hannu.

Sadiku: To ai 'yan sandan ma an tona musu asiri, Malam. Sufeto Ochoa ya gano shi sarai, amma manya suka ga ƙwace ya ragu a gari, suka ce kada a kama shi, a lallaɓa ya bar New York. Wannan ba suka ba ce ga hukuma?

Hajiya Binta: Suka ce, ƙanina, amma mai kaifi biyu. Da fim ya ce laifi ya ragu, ya riga ya yanke hukunci cewa hanyar Kersey tana aiki. Sannan ga rufewa: ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Chicago, ya ga 'yan iska suna takura wa wata mata, ya yi musu alamar bindiga da yatsa yana murmushi. Wa zai fito daga silima yana jin an gargaɗe shi?

Auwalu: Ku ƙara da zaɓen ɗan wasa. Charles Bronson ya haura hamsin a lokacin, ga fuska kamar an sassaƙa ta da gizago, kuma an saba ganinsa da bindiga. Tun fitowarsa ta farko kowa ya san akta ne, ba wanda ya ɗauke shi mai tsoron jini. Sauyin da Hajiya ta lissafo yana nan a rubuce, sai dai a fuskarsa ba ka ganinsa sosai. Matan kuwa an yi amfani da su ne kawai: an tsawaita fitowar fyaɗen, sannan 'yar ta koma ba ta magana, aka kai ta gidan jinya aka manta da ita.

Sadiku: Duk da haka kiɗan Herbie Hancock da hoton New York na lokacin, da datti da duhun tashoshi, ba a sake samun irinsu a sauran finafinan Death Wish da suka biyo baya ba.

Malam Lawal: Wannan kam babu musu. Amma dubi abin da suka yi da hujjarka a kashi na biyu, 1982: aka mayar da Kersey Los Angeles, aka ba shi masu laifin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Winner ne dai ya sake ba da umarni. Da ya ɗauki rashin kama su a matsayin ƙarfin fim ɗin, da bai yar da shi a karo na biyu ba.