Musayar waƙa: motar Mario ko keken Donkey Kong?
(Abubuwan hawa ne masu sunayen taurarin wasannin bidiyo na Nintendo, a wurin shaƙatawa na Super Nintendo World da ke Osaka ta Japan da Orlando ta Amurka: motar tseren Mario a gidan abokin gabansa Bowser, inda ake sa gilashi mai nuna hotunan wasan; keken Donkey Kong mai bin dogo; da kuma na Yoshi.)

Ɗan Osaka:
Na shiga gidan Bowser da ƙafata,
Jar hula da gilashi a goshina ta zauna,
Ƙoƙon kunkuru na jefa, sitiyari a hannuna,
Tsabar zinare na tara, mu huɗu a mota.

Bintun Orlando:
Sannu da tsere, jikan hawainiya,
Motarka na rangaji kamar amarya,
Gudun a gilashi yake, ba a taya,
Hau keken Donkey Kong ka ji bugun zuciya,
Ya tsallake dogon da ya karye, babu ƙarya.

Maman Walida: Allah ya ƙara basira, Bintu! Kin kwantar da shi.

Ɗan Osaka:
Ke Bintu, rage cika baki,
Disambar 2024 Osaka ta buɗe shi, mu muka fara shan zaƙi,
Naku sai Mayun 2025, kin zo an share ɗaki,
Kuma a kekenki hannu ba shi da aiki,
Buhun gero ne ke, an ɗora a jaki.

Malam Na-Arulli: Ɗan Osaka, ɗango na biyu ya fi 'yan'uwansa tsawo ninki biyu. Ka cusa shekara ka karya kari. Baitinka na farko ma amsa-amonsa ya rabu gida biyu, "ta" da "na".

Garba Mai Kwamfuta: Malam, a bar yaro. Ya kawo hujja, ita kuwa zambo kawai ta yi.

Malam Na-Arulli: Hujja a kai ta kotu. Nan waƙa muke yi. Ka rera ɗangon da bakinka, in numfashi ya kai ka ƙarshe, na janye.

Garba Mai Kwamfuta: Na rera. Ya kai ni.

Maman Walida: Ka dai haɗiye "Disamba", muna jin ka.

Bintun Orlando:
Jakin da ka raina ya kai ni tudu,
Kai kana harbin iska, kana kiran sa gudu,
Cire gilashin nan ka ga sauran kaɗan ka yi barci.

Malam Na-Arulli: To, ga wata ta bar baiti a ƙwar uku, ɗangon ƙarshe babu amsa-amo.

Baban Amir (bayan kwana biyu):
Ku yi ta faɗa, ni Yoshi na hau da ɗana,
A hankali yake tafiya, muna neman ƙwai masu launi,
Da ya danna maɓallin ya waiwayo yana dubana,
Har muka sauka bai saki yatsana ba.