Yaushe ake daina tafasa biberon jariri?

Assalamu alaikum, likitoci da ungozomai, a taimaka mana daga Tawa. Jariri ɗan wata 7, ya fara rarrafe, komai ya samu sai baki. Ana wanke biberonsa (kwalbar shan madararsa) da sabulu da buroshi, a nutsar da shi cikin tukunya ya tafasa minti 10. Yanzu robar bakin ta fara danƙo tana tsagewa, madara na maƙalewa a tsagar.

A Ingila ana cewa a ci gaba har wata 12, a Amurka kuwa an fi matsawa kan 'yan ƙasa da wata 2 da bakwaini. Mu da ruwan 'yan garuwa ne a gidan, ga zafin nan mai saurin ɓata madara, wanne za mu bi? Ko a koma kofi kawai? Wallahi zawo nake tsoro.