Wane suna za mu ba wannan zane da rawarsa?

1/ Jama'a, ana neman kalma biyu. Wasu matasa a nan Kaduna suna haɗa wasan rawa da suka ɗauko daga zanen da Turawa ke kira "abstract", kuma suna son sanarwarsu ta fita da Hausa. Sunan zanen ya gagara, na rawar ma haka.

2/ Zanen nan ba ya kwaikwayon mutum ko doki ko bishiya. Launi ne da layi da ɗigo, mai kallo ya ji abin da ya ji. Hilma af Klint 'yar Suwidin ta fara irinsa a 1906, Wassily Kandinsky ɗan Rasha ya shahara da shi wajen 1911. Daga 1947 Jackson Pollock na Amurka ya riƙa shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, yana zagaya shi yana ɗiga fenti. Wanda ya ga hotonsa yana aiki zai rantse rawa yake yi.

3/ Wani malami daga Zariya ya ce a kira shi "zayyana", tunda muna da aska takwas a babbar riga da dagi a bangon gidaje. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ban gamsu ba. Zayyana ado ce mai ƙa'ida, ɗa ya gada wajen uba, kuma mai ɗinkin hannu ya san inda kowane zare zai faɗa kafin ya soka allura. Wannan kuwa mai shi kan fara bai san inda zai tsaya ba.

4/ "Zane marar siffa" ma an kawo. Ai da'ira siffa ce.

5/ Wata 'yar'uwa daga Unguwar Rimi ta ce "zanen zuci". Hajiya, naki ya fi kwanta mini. Gajere ne, baki ba ya tuntuɓe da shi, kuma ya faɗi inda abin ya fito. Wani ya ce kowane zane daga zuci yake. Haka ne, amma sauran sai sun bi ta ido tukuna.

6/ Rawar ta fi ba da wuya. "Rawar zamani" an riga an cinye ta, da ka faɗa sai hankali ya tafi gidan gala ko fim. Alhali wannan a dandamali ake yin ta, galibi ƙafa ba takalmi, wani lokaci ko kiɗa babu. Mai rawa ya zube ƙasa, ya mirgina, ya tashi a hankali, hannu ɗaya yana jan layi a iska. Martha Graham 'yar Amurka ta kafa ƙungiyarta ta irin wannan rawa a 1926. Merce Cunningham kuma, mai tsara rawa ɗan Amurka, ya yi aiki da mai zane Robert Rauschenberg tun 1954, don haka haɗa zane da rawa ba yau aka fara ba.

7/ Kada wanda ya kawo "rawar jiki" ko "rawar kai", mun san masu su.

8/ Ni dai "rawar fasaha" na zaɓa. Masu Koroso za su ce su ma fasaha suke yi, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai tasu tana da sunanta.

9/ Jigon wasan matasan shi ne neman farin ciki. Na ba su shawara su rubuta "annashuwa", don ita ce ke bayyana a fuska da gaɓoɓi, mai kallo daga kujerar baya ma zai gani.

10/ Sanarwar za ta ce: "Neman Annashuwa, rawar fasaha daga zanen zuci." Mai gyara ya kawo kafin ta tafi wajen mai buga takarda ranar Alhamis.