Yaro ya iya zuba zance a WhatsApp, amma ya kasa gaisuwar ta'aziyya: ta ina ake farawa?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, a taimaka da shawara. Yara masu shekara 14 zuwa 20 suna hira a waya har tsakar dare, amma a aike su gidan rasuwa ko dubiya sai baki ya mutu. Wani da ya ji sallamar baƙo sai ya shige ɗaki. Yaya ake koya musu ba tare da faɗa ba?

Malamin Islamiyya, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ke firgita yaro shi ne bai san me zai ce bayan "ina wuni" ba. Gaisuwarmu kuwa a jere take: kwana ko wuni, gajiya, aiki, iyali, sannan abin da ya kawo ka. A zaunar da shi a gida ya maimaita da baki har ta zauna.

Gidan rasuwa: ya kashe ƙarar waya tun daga ƙofa, ya yi sallama, ya cire takalmi kafin ya taka tabarma, ya rusuna, ya fara da babba. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." A shafa addu'a, ya zauna minti biyar ko goma, ya tashi. Kada ya tambayi abin da ya kashe mamacin, wannan kuskuren yana yawa. Dubiya ta fi haka gajarta: "Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi," sai tafiya.

Zuwa uku ake yi. Na farko ya bi ka yana kallo, na biyu shi zai yi magana kana gefensa, na uku ya tafi shi kaɗai. A tuna masa hadisin Muslim na haƙƙoƙi shida da Musulmi yake da su a kan ɗan'uwansa. A cikinsu, amsa gayyata, duba maras lafiya da rakiyar gawa duk sai da ƙafa.

Ɗan kasuwa, Babbar Kasuwar Katsina:
A haɗa masa da cefane sau ɗaya a mako, da tsabar kuɗi, kaya uku kacal. Ya gaida mai kaya, ya ji farashi a rumfa biyu, ya taya. In an ce "albarka" kada ya ji kunya ya juya, ya ƙara kaɗan har a ce "na sallama". Yaron da ya saba jin "albarka" bai gudu ba, ya koyi jure "a'a".

Malamar sakandare, Daura:
Waɗannan yaran an haife su bayan zuwan wayar salula a 2001. A rubutu mutum yana gogewa ya gyara kafin ya tura, a gaban mutane babu gogewa, shi ya sa suke daskarewa. Don Allah iyaye a daina gyara yaro gaban baƙo. "Kai ba ka iya gaisuwa ba ne?" yana mai da shi baya wata guda. A bari baƙo ya tafi, a yabi abu ɗaya, a gyara abu ɗaya.

Sai maganar ido, wadda ke rikita su ƙwarai. Gaban kaka ko hakimi ana sunkuyar da kai, amma gaban masu tantance ɗaukar aiki ana ɗaga kai a ɗaga murya. A faɗa musu wannan ƙarara, kowanne da wurinsa.

Cin abincin dare tare, minti talatin, wayoyi a ɗaki, har da ta maigida. In kuwa yaro yana gumi, ƙirjinsa na bugawa, yana ƙin makaranta saboda mutane har wata shida, ya wuce kunya, a kai shi wurin likita.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Malama, 'yan mata fa, da ba su zuwa majalisa?

Malamar sakandare, Daura:
Barka da suna sun ishe su fagen koyo. Ta bi uwarta ko gwaggonta, ita za ta ce "Barka da arziki, Allah ya raya," ita kuma za ta miƙa sabulu da turmin zane da hannunta.