Tsohon hadis (hard disk) na kwamfuta ya ƙi karɓar fomat daga tushe (low-level format), ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tsohuwar kwamfuta samfurin XT (irin tsohuwar IBM PC/XT) da marigayi kawuna ya bari, ina so in farfaɗo da ita. Hadis ɗinta Seagate ST-225 ne mai megabait 20, irin na MFM (wata tsohuwar hanyar rubuta bayanai a kan hadis). Katin da ke sarrafa shi ya ƙone, na samo wani na Western Digital na saka. Tunda irin wannan hadis da katinsa tare suke tafiya, dole a sake yi masa fomat daga tushe kafin FDISK, shirin DOS mai raba hadis kashi-kashi, ya gan shi.

Na tashi kwamfutar da DOS 3.3 daga fulofi, na shiga shirin DEBUG na DOS, na buga g=c800:5, umarnin da ke kiran shirin fomat da ke cikin ROM (ma'ajiyar dindindin) na katin. Shiru! Allon ya tsaya cak, fitilar hadis ko ƙyaftawa ba ta yi, alhali ina jin yana juyawa lafiya. Sau huɗu ke nan.

Shin jampa (ɗan maɗaurin saiti da ke kan katin) ce ta mayar da adireshin ROM na katin wani wuri, ko wayoyin nan biyu, mai layi 34 da mai 20, na juya? Kuma in shirin fomat ya tashi, tazarar sakta (interleave, wato yadda ake jera ƙananan sassan hadis) 3 zan ba shi? Jerin wuraren da suka lalace da ke manne a jikin hadis ɗin, dole sai na shigar da su?

Allah ya saka da alheri.