Zubar jini bayan saka raga a jijiyar wuya: magani ne ko hawan jini?

Likitan zuciya: Ni dai ra'ayina, zubar jini a ƙwaƙwalwa bayan an saka 'yar ragar ƙarfe da ke buɗe toshewa a jijiyar jini ta wuya, magungunan tsinka jini ne ke jawo shi. Asfirin, ga kilofidogirel miligiram 75 kullum, ga hefarin lokacin aiki. Kamata ya yi a riƙa janye ɗaya da wuri.

Likitan ƙwaƙwalwa: Ranka ya daɗe, ban yarda ba. Magani yana faɗaɗa zubar, amma ba shi ke fasa jijiya ba. Mutumin da jijiyarsa ta toshe kashi 90 cikin 100, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa sun daɗe a buɗe wangwam suna neman jini, har sun kasa tsukewa. Kana buɗe hanya sai jini ya kwararo musu da ƙarfi. In a lokacin jininsa ya hau, sai su fashe. Bayan raga, abin ya fi aukuwa cikin awa 12 na farko. Bayan tiyatar da ake tsaga jijiyar wuya a cire abin da ya toshe ta kuwa, yakan kai kwana biyar ko shida. In kuma aka janye kilofidogirel kafin mako huɗu, jini zai iya daskarewa a cikin ragar, ɓarin jiki ya shanye.

Likitan zuciya: To ai abciksimab, wani maganin tsinka jini, ya ƙara zubar jini a ƙwaƙwalwa, shi ya sa aka daina ba da shi haka kawai.

Likitan ƙwaƙwalwa: Wannan na ba ka gaskiya. Hefarin ma kada lokacin daskarewar jini ya wuce daƙiƙa 250 zuwa 300. Amma lambar sama ta awon jini ita ce abin tsaro: ƙasa da 140, ga majinyaci mai haɗari sosai kuwa ƙasa da 120. A ba da labetalol, maganin hawan jini, a guji masu buɗe jijiyoyin kai irin naitirofurusaid. Ciwon kai na ɓari ɗaya, amai, jijjiga ko ruɗewa, a kai majinyaci hoton siti (CT) na ƙwaƙwalwa nan take.

Sistar ɗakin kulawa ta musamman: Likitoci, duk kun tattara a kai, kun bar gindin cinya inda aka shiga da bututun da ke kai ragar. In hujin ya yi sama da yawa, jini yakan zuba ta bayan ciki, wurin hujin kuwa tas, babu kumburi. Awon jini ya faɗi, a ce ai ragar ce ta danna mahaɗar jijiyar wuya. Ita wannan bugun zuciya take ragewa. In awon jini ya faɗi bugu kuma ya ƙaru, ga ciwon baya ko kwiɓi, ga gumi, zuba ce har sai hoto ya nuna akasin haka. Wanda ke shan maganin rage bugun zuciya ma, bugun nasa ba zai tashi ba.

Likitan zuciya: Sista, a nan furotamin, mai warware aikin hefarin, za a ba majinyaci, miligiram 1 ga kowane ma'auni 100 na hefarin da ya rage a jiki, a ƙara masa jini. Kilofidogirel kuwa ina ganin mako huɗu ya ishi tsoho mai gyambon ciki, ba sai an wuce haka ba.