Wa ya kamata ya koya wa masu karatu da 'yan kwaya (mawaƙan coci) tsarin Misa a cocin ƙauye?

Bawan_Yesu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara. Cocinmu ƙarami ne a ƙauye, muna ƙarƙashin wani farish da ke da ƙauyuka da yawa, Fada ba ya samun zuwa sai kamar sau ɗaya a wata, sauran ranakun Lahadi katikis, wato malamin da ke koyar da addini a cocin, ne ke bi da sujada. To yanzu kwamitin coci sun ɗora min kula da masu karatu da yaran bagadi, kuma abun da nake gani yana damuna, mai karatu sai ya hau ya buɗe littafi a nan ne zai fara ganin karatun, yana tuntuɓe da sunaye jama'a na dariya, 'yan kwaya kuma idan an zo Zabura sai su ajiye ta su ɗauko wata waƙar da ta fi daɗin rawa, a azumin da ya wuce ma har Halleluya aka rera. Ba rashin niyya ba ne fa, mutanen nan suna ƙoƙari, babu dai wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu. Shin wannan aikin Fada ne ko na katikis ko namu? Kuma daga ina ake farawa?

Tsohon Katikis:
Ɗana sannu da aiki. Amsar ita ce na kowa ne, amma kar ka yi komai a bayan katikis ɗinku, ka je ka same shi da ladabi ku kai maganar wurin Fada tare, in ba haka ba za a ce yaro ya zo ƙwace aiki. Mu a zamaninmu ba a ba mutum coci haka kawai, sai ya je makarantar katikis irin ta Malumfashi ya zauna ya koya, ba addini kaɗai ba har da yadda ake tsayawa gaban jama'a da abun da katikis ba shi da ikon yi. Misali idan babu Fada ba a yin addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi ko kusa, katikis ba ya zama kujerar Fada, ba ya raba Jikin Almasihu sai Bishop ya ba shi izini, idan kuma Misa ce wa'azi na Fada ne ko dikin, wato mai muƙamin da ke ƙasa da na Fada.

Ka fara da shekarar Ikilisiya, domin rabin kuskuren da ka lissafa daga nan yake. A azumi babu Halleluya sam har daren Ista, ba a kuma rera Ɗaukaka ga Allah sai a manyan bukukuwa kamar na Yusufu mai tsarki 19 ga Maris. A makonni huɗu na jiran Kirsimeti ana Halleluya amma ba a Ɗaukaka ran Lahadi. Yaran bagadi su san launi, shunayya a azumi da lokacin jira, fari a Kirsimeti da Ista, ja ran Lahadin dabino da Juma'a mai kyau da Fentikos da ranakun shahidai, kore sauran shekara. Masu karatu kuma ka tara su duk Asabar da yamma, kowa ya karanta nasa da ƙarfi a gabanka, wanda bai zo Asabar ba kar ya hau Lahadi ko ɗan waye. Wannan dokar kaɗai za ta gyara maka abubuwa da yawa.

Maman Biyu:
Baba Katikis gaskiya ka faɗa amma ni inaga a haɗa da mu mata, kullum in za a yi horo sai a tara matasa maza a bar 'yan Zumunta wai mu namu shara da girki da waƙar baiko, alhali mu ne muka fi cika coci kuma mu ke koya wa yara addu'a a gida. A wurinmu wata Sista ce ta zo ta yi mana bita, ba ta fara da kar ku yi kaza ba, tambayarmu ta yi me ya sa ake tashi tsaye in za a karanta Bishara amma ake zama a karatu na fari, shiru muka yi dukanmu, mata masu jikoki fa. Tunda ta bayyana mana cewa Almasihu ne da kansa ke magana a Bishara shi ya sa ake tsaya masa, ban ƙara ganin wata na hira a lokacin ba. Mutum in ya san dalili ba sai an bi shi da tsawa ba.

Ɗan_Siminari:
Mama kin taɓo ainihin wurin. Wannan maganar ba sabuwa ba ce, babban taron bishop-bishop na Katolika, wato Vatican na biyu, da aka yi daga 1962 zuwa 1965 takardar farko da ya amince da ita a kan sujada ce, 4 ga Disamba 1963, ita ta buɗe ƙofar yin Misa da harshen mutane maimakon Latin zalla, kuma a ciki an ce masu karatu da masu hidimar bagadi da mawaƙa aikin sujada na gaske suke yi don haka dole a horar da su. Wato ba taimaka wa Fada kawai suke ba. Paparoma Francis ma ya sake rubuta wasiƙa a kai ran 29 ga Yuni 2022, damuwarsa ke nan cewa an fassara kalmomi amma jama'a ba su shiga cikin ma'anar abun da suke yi ba. Batun mata kuma, a Janairun 2021 ya canza doka ya zama ana iya naɗa mata a hidimar karatu da ta bagadi a hukumance, a watan Mayu na shekarar kuma ya kafa aikin katikis a matsayin hidimar da ake naɗa mutum a kai.

Yayana mai tambaya, ka koya wa masu karatunka cewa karatun Lahadi zagayen shekara uku ne, shekarar A Bisharar Matiyu, B Markus, C Luka, Yohanna kuma an fi jinsa a lokacin Ista. Duk shekarar da uku ta raba ta daidai C ce, kamar 2025, sai dai a tuna sabuwar shekarar Ikilisiya tana farawa ne tun Lahadin farko na jiran Kirsimeti ba Janairu ba. Zabura kuwa Maganar Allah ce kamar sauran karatun, an zaɓo ta ne ta amsa karatu na fari, ba a musanya ta da wata waƙa komai daɗinta.

Gimbiyar Alto:
Toh kowa ya taso kan 'yan kwaya kamar mu ne matsalar. Ku faɗi gaskiya mana, Zaburar nan da Hausa wa ya ba mu muryarta? littafi ɗaya ne a coci yana kulle a akwati sai Lahadi da safe, ta yaya za mu sa mata murya mu koya cikin minti goma, dole mu ɗauko wadda muka iya. Kuma wasu in sun ce gyara nufinsu a ajiye ganga da tulu a koma waƙa kamar ta jana'iza, wannan kam ba za mu yarda ba.

Ɗan_Siminari:
Ƙanwata ba wanda ya ce a ajiye ganga, takardar 1963 ɗin ma cewa ta yi a girmama kiɗan gargajiyar mutane a ba shi wuri a sujada. Kalmomin ne ba a taɓawa, murya taku ce. In ba ku samu murya ba a rera amshin kawai mutum ɗaya ya karanta baitocin, wannan ya halatta.

Bawan_Yesu:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Mama. Maganar littafi gaskiya ce, namu ma a akwati yake, zan roƙi katikis ya bari in riƙa ɗaukar hoton karatun da waya tun Litinin in tura wa masu karatu da shugaban kwaya a WhatsApp. Saura waɗanda ba su da babbar waya, su kam sai dai a kwafa musu a takarda. Baba, yaran bagadi fa, daga shekara nawa ya dace a fara ɗaukarsu, sai sun karɓi Tarayya ta farko, wato sun fara karɓar Jikin Almasihu, ko ana iya fara koya musu kafin nan?